Ƙari a Ƙoda: A Duba Kafin a Yanka

 

Kwamitin jin daɗin membobi ne ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan wata shawara da ya yanke a cikin wannan shekara, wadda ta jawo ƙorafi, kuma na san har yanzu akwai waɗanda ba su gamsu ba. Ni ma'aikacin ofis ne, kuma a teburina takardun neman taimakon kuɗin asibiti suke bi kafin su hau sama. Yau da gobe ta sa dole na koyi karanta abin da likitoci ke rubutawa, na zauna da su na yi tambaya, na kuma nemi littattafansu. Abin da na tsinto ke nan zan baje muku, a kan ƙaramin ƙari da ake gani a ƙoda, da yadda na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, wadda ake kira MRI, take taimakawa a gane mugun ƙari daga wanda ba ya cutarwa.

Bari mu fara da ƙodar kanta. Malaminmu na ilmin halittu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha zana mana ita a allo kamar ƙwayar wake. Guda biyu ce, a kwiɓi ta wajen baya, kowace tsawonta santimita 10 zuwa 12, watau kamar dunƙulen hannun mai ita. A kwana ɗaya su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180, kusan cikin durom guda ke nan, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba a matsayin fitsari. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, gaskiya ne. Amma mai ƙoda ɗaya da hawan jini ko ciwon suga kamar mai tafiya Jega ne ba safaya. In tayar nan ta fashe, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko kuwa dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, namu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ya yi nasa na farko a 2025. Abin alfahari ne, amma duk wanda ya ga gidan da ake jinyar ƙoda ya san gona da shanu da ke tafiya a ciki.

To, ana cikin haka sai mutum ya je a yi masa sikanin saboda ciwon ciki ko ciwon baya, mai hoto ya ce ya ga wani abu a ƙoda. Sau da yawa 'yar jakar ruwa ce kawai, wadda ba abin mamaki ba ce ga wanda ya haura hamsin, kuma ba ta bukatar komai. Tun 1986 wani likitan hoto a birnin New York mai suna Morton Bosniak ya kasa irin waɗannan jakunkuna aji-aji, daga wadda za a manta da ita zuwa wadda sai an cire, aka kuma sabunta tsarin nasa a 2019 don ya haɗa da hoton MRI. Wanda ke ta da hankali shi ne ƙari mai tsoka. Idan faɗinsa bai wuce santimita 4 ba, watau kamar goro babba, likitoci na kiransa ƙarami, kuma a kansa maganata take.

Da can ƙa'idar a sauƙaƙe take: an ga ƙari mai tsoka a ƙoda, a cire ƙodar ɗungum. Sai a 2003 likitocin Asibitin Mayo a Amurka suka buga sakamakon duba ƙarin da aka cire wa mutum 2,770. Suka tarar a cikin waɗanda ba su kai santimita 1 ba, kashi 46 cikin ɗari ba ciwon daji ba ne. A cikin manya kuwa, masu santimita 7 zuwa sama, kashi 6 ne kawai suka kuɓuta. Binciken da ya biyo baya ya tsaya a kan cewa cikin kowane ƙananan ƙari biyar da aka yanka, kusan ɗaya da an bar shi ba abin da zai yi wa mai shi. Jama'a, ku auna. Mutum biyar sun kwanta an yanka su, ɗaya ya ba da ƙodarsa, ko wani sashe nata, a banza. Sauran huɗun kuwa aikin ya cece su. Matsalar ita ce a san wane ne wane tun kafin a ɗauko wuƙa.

Ƙarin da ba ya cutarwa iri biyu ne suka fi yawa. Na farko sunansa anjiyomayolifoma, suna mai tsawo, amma ma'anarsa cakuɗa ce ta jijiyoyin jini da tsoka da kitse. Na biyu onkosaitoma. Ciwon dajin ƙoda shi ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa, kusan uku cikin huɗu, shi ne mai ƙwayoyi garau, don haka ake ganin ƙwayoyinsa a madubin likita, kuma shi ne ya fi saurin bazuwa zuwa huhu da ƙashi. Sai fafilari da kuromofob, waɗanda galibi sun fi shi sanyin hali.

Yanzu ga na'urar. Kun tuna ranar da Malam ya zuba garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi, garin ya jeru layi-layi? Allah gafarta Malam, darasin nan bai faɗi ƙasa ba. Jikin ɗan Adam fiye da rabinsa ruwa ne, kuma a cikin ruwa da kitse akwai ƙwayoyin haidirojin, kowace tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka shigar da mutum cikin na'urar, sai su jeru. Sai a bugo musu igiyar rediyo su karkace, a sake su, su komo, kuma a wajen komowa kowace tana fitar da amo. Na ruwa daban, na kitse daban, na tsoka mai cunkoso daban. Kwamfuta ce ke tara amon ta mai da shi hoto. Ƙarfin maganaɗisun da Tesla ake aunawa, kuma na'ura mai Tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kimanin sau 30,000. Ba ta amfani da irin hasken da ke cikin eksire ko siti sikan. Paul Lauterbur na Amurka ne ya nuna hanyar yin hoto da ita a 1973, Peter Mansfield na Ingila ya gano yadda za a hanzarta, aka ba su lambar Nobel tare a 2003.

Ga ƙarin ƙoda, ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Ana yi masa tambayoyi ne daban-daban, kamar yadda alƙali ke juya mai shaida.

Tambaya ta farko, akwai dunƙulen kitse a ciki? Na'urar tana iya kashe hasken kitse da gangan. Idan wani wuri a cikin ƙarin yana haske, aka kashe kitse ya yi baƙi, to kitse ne, kuma kusan tabbas anjiyomayolifoma ne. Wannan ita ce amsa mafi daɗi da hoto ke bayarwa. Sai dai kamar kashi 5 cikin ɗari na irin wannan ƙari kitsensu bai taka kara ya karya ba, su ne ke ɓad da kama, a yanka su bisa zaton daji.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi burge ni, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe. Ƙwayoyin haidirojin na ruwa da na kitse ba su juyawa da sauri ɗaya. Ku ɗauka mata biyu ne ke daka a turmi guda, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauri. Wani lokaci taɓarensu su sauka tare, ƙarar ta yi ƙarfi. Jim kaɗan kuma sai ya zama lugude, wannan na sama wannan na ƙasa. Na'urar takan ɗauki hoto a lokacin da suka sauka tare, ta sake ɗauka a lokacin lugude. A wurin da ruwa da kitse suke cakuɗe cikin ƙwaya guda, a hoton lugude amon ɗaya yana cinye na ɗaya, wurin ya dushe. Ƙwayoyin dajin nan mai garau cike suke da ɗigon kitse da ido ba ya gani, shi ya sa sau da yawa sukan dushe a hoto na biyu. Ashe mugun yana tona asirin kansa.

Sai a duba yadda ƙarin ke fitowa a hoton da ke haskaka ruwa. Mai ƙwayoyi garau yakan yi haske, fafilari da anjiyomayolifoma maras kitse sukan yi duhu. Daga nan a yi wa mutum allurar wani rini mai suna gadoliniyam a jijiya, a bi shi da hoto daƙiƙa bayan daƙiƙa. Mai garau jijiyoyinsa da yawa, yana shan rinin nan take kamar rairayi ya sha ruwa. Fafilari kuwa a hankali yake sha, kuma kaɗan.

Likitocin Jami'ar Tekzas da ke Dalas, ƙarƙashin Ivan Pedrosa, sun haɗa waɗannan amsoshi suka yi ma'auni mai maki 1 zuwa 5, aka buga gwajinsa na farko a 2017. Maki 1 na nufin da wuya ƙwarai ya zama mai ƙwayoyi garau, maki 5 kuwa kusan shi ne. A 2022 aka jarraba ma'aunin a asibitoci biyar a kan ƙari 250. Sakamakon: idan makin 4 ne ko 5, kusan uku cikin huɗu sun tabbata mai garau ne. Idan 1 ne ko 2, kusan tara cikin goma ba shi ba ne.

A nan nake so ku buɗe kunne, domin nan ne 'yan'uwa kan yi wa likita mummunar fahimta. Ma'aunin nan mai ƙwayoyi garau yake farauta. Ƙaramin maki bai ce babu daji ba, yana iya zama fafilari. Babban maki ma bai rantse ba, domin onkosaitoma, wanda ba ya cutarwa, yana shan rini kamar mugun, har yau kuma shi ne ya fi ba masu hoto wahala. Na'urar ba ta duba, ba ta bugun ƙasa. Tana rage duhu ne, har likita ya ga inda zai sa ƙafa. Idan hoto ya tsaya tsaka-tsaki, akwai hanya ta gaba: a kashe wurin, a soka siririyar allura ta baya ana kallo da sikanin, a ɗebo ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. Kusan tara cikin goma allurar kan ba da amsa. In ta tabbata daji ne, to a yau ba lalle a cire ƙodar duka ba. Ga ƙarami, abin da masana suka fi so shi ne a yanke ƙarin da ɗan gefensa a bar sauran ƙodar tana aiki.

Yanzu ga maganar da ta kawo ƙorafi. Mahaifiyar wani ɗan ajinmu, daga wajen Mandera, mai hawan jini, ta je wani asibiti da ciwon ciki, sikanin ya nuna ƙari kamar santimita 3 a ƙodar hagu. Aka ce mata aiki. Ɗan'uwanmu ya kawo kuka, aka fara karo-karo. Kwamiti ya ce kafin a tara kuɗin aiki, a fara kai ta wurin likitan ƙoda da mafitsara, kuma in ya nemi hoton MRI, asusu ya biya. Wasu suka ce ɓarna ce, kuɗin hoto da an ƙara a na aiki, tunda ko an yi hoton yankan za a yi. Wani ma ya ce mini a waya, "Kai da ba ka taɓa riƙe allura ba, kake jinkirta wa tsohuwa magani?" Ban ji haushi ba, don tsoro ne ya sa shi faɗa, kuma tsoron daji ba abin dariya ba ne. Likita ya nemi hoton, aka yi, kitse ya fito ɓaro-ɓaro. Aka ce ta koma gida, ta riƙa zuwa ana aunawa, domin irin wannan ƙari idan ya girma ƙwarai yana iya zubar da jini. Inna tana nan da ƙodarta biyu.

Ba na kawo wannan don in ce kwamiti ya ci gari ba. Da hoton ya nuna maki 5, da yanka za a yi, kuma da kuɗin hoton bai tafi a banza ba, don shi zai nuna wa likita iyakar ƙarin da inda jijiyoyi suka bi, ya san ko zai iya ceton sauran ƙodar. Jinkirin mako biyu ko uku kuwa ba ya sauya komai ga ƙari irin wannan. Waɗanda aka zuba wa ido a ƙasashen waje, aka riƙa aunawa, matsakaicin girmansu kamar milimita 3 ne a shekara, kuma waɗanda suka bazu a shekarun farko ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Saboda haka ne ma ga dattijo mai rauni, ko mai wasu cututtuka, likita kan zaɓi zuba ido ko da yana zaton daji ne.

Sai dai ina da ja a kan zuba idon nan idan aka kawo shi ƙasarmu. A Turai ana cewa mutum ya dawo bayan wata shida, kuma ya dawo. A nan fa? Daga Mandera ko Kajiji ko Danchadi, a fito titi, a biya mota zuwa Sakkwato, a kwana gidan wani, a biya hoto, alhali ba inda ke ciwo, ga damina ta kama. Wa zai zo? Zuba ido ba tare da komawa ba sakaci ne da aka yi wa ado. Duk wanda ya san ba zai iya komawa ba, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko, domin hakan na iya sauya shawarar da zai ba shi.

Akwai kuma maganar na'urar kanta. Wani bincike da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma a lokacin, 58 a Nijeriya, kuma 45 daga cikin namu masu ƙaramin ƙarfi ne. An ƙara samun sababbi tun daga nan. Amma darasin yana nan: tambayoyin da na lissafa muku sai na'ura mai Tesla 1.5 ko fiye take amsa su yadda ya kamata, kuma sai an ɗauki hoton bisa tsarin ƙoda, da rini, sannan a sami likitan hoto da ya saba karanta shi. Kafin ku biya, ku tambayi ƙarfin na'urar, ku kuma tabbata likitan da ya aiko ku ya rubuta abin da yake nema. Kada a je a ce "a yi mini hoton ciki" kawai, a dawo da takardar da ba ta amsa komai ba.

Wanda za a yi wa hoton ya san zai kwanta cikin wani abu kamar bututu na minti 30 zuwa 45, da ƙara kamar injin niƙa, ana ce masa ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi. Ba zafi. Zobe, agogo, waya, makulli, laya ko guru mai ƙarfe, duk a waje za a bar su, mata kuma a wanke kwalli. Mai batirin zuciya, da mai walda ko maƙeri da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, da wanda harsashi ko kunda ya maƙale a jikinsa, dole su faɗa tun kafin su shiga ɗakin, don maganaɗisun nan ba a kashe shi ko da dare. Akan gwada ƙarfin ƙoda ta jini kafin a yi allurar rini, mai juna biyu kuma ta sanar.

Duk wannan ga wanda aka gano nasa da wuri ne. A Turai da Amurka fiye da rabin ƙarin ƙoda tsintarsa ake yi ana neman wani abu daban. A asibitocin koyarwa na Nijeriya kuwa rahotanni sun sha nuna yawancin masu dajin ƙoda sai ciki ya kumbura, jiki ya rame, sannan suke isowa. Mu a nan muna da wani tarko na musamman. Wanda ya tashi kusa da madatsar ruwa ta Shagari ko fadamun yankin nan ya san tsargiya, har a da ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji. Sai mutum ya kai arba'in ko hamsin, ya ga jini a fitsari, ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa, ya sayi ƙwaya a kemis. Jinin ya ɗauke da kansa, kamar yadda na daji kan yi, ya ce magani ya ci. Tun 2007 Farfesa Mungadi da Farfesa Malami suka buga bincike a kan dajin mafitsara a Sakkwato, suka nuna irin da ake dangantawa da tsargiya shi ya fi yawa a nan. Ke nan ko tsargiyar ce ma, ba abin rainawa ba ce. Babba ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya, ko babu zafi, ya nufi asibitin Shagari ko na Boɗinga ya nemi a duba ƙoda da mafitsara, in an ga wani abu a tura shi ga masana a Asibitin Koyarwa. Masu shan taba, da masu ƙiba, da masu hawan jini su fi kowa kula, kuma maza sun ninka mata wajen kamuwa. 'Yan'uwa mata kuma, in kuna yi wa yaro wanka kuka ji ƙullutu mai tauri a gefen ciki, kada a tsaya shafa mai. Akwai dajin ƙoda na yara ƙanana, wanda ke warkewa sosai in an kai da wuri.

Abin da kwamiti ke roƙon wannan taro ya amince da shi ga shi. Duk memban da ya kawo neman taimakon aikin ƙoda, nasa ko na iyalinsa, asusu ya fara biyan ganin likitan ƙoda da mafitsara da hoton da ya nema, sannan a buɗe karo-karon aiki in ta kama. Sakatare ya ajiye kwafin kowane sakamako, domin girman ƙari sai an gwada hoton bana da na bara ake saninsa, kuma mun san yadda takarda ke ƙarewa a gidajenmu, ko ɓera ko ɗaurin ƙosai. Wanda aka ce ya dawo bayan wata shida, a rubuta ranar, 'yan'uwanmu mazauna Sakkwato su ɗauki nauyin kiransa da saukarsa. Mutum uku sun riga sun ba da sunansu, muna neman ƙarin biyu, musamman daga cikin mata, don iyayenmu mata sun fi sakewa a hannunsu. Takardar tana wurin sakatare a bakin ƙofa.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Akwai likitoci biyu a cikinmu yau, su za su amsa tambayoyi bayan an ci abinci.